Sayen babbar kyamara a kan hanya: shagon filin jirgi, cikin gari, ko a dawo Yamai?

Ƙarfe biyu na dare wayata ta yi ƙara. Ɗan ƙanwata ne, yana dawowa daga Sin tare da maigidansa, sun ya da zango na awa biyar a filin jirgin Dubai. Ya juya mini fuskar wayar, sai ga gilashi yana walƙiya, kyamarori jere a ciki kamar gwal a shagon masu zinariya.

"Kawu, ga irin wadda kake ta zance. Sun ce babu haraji. In ɗauko?"

Na ce ya karanto mini kuɗin. Ya karanto da dirhami. Na tashi zaune, na lalubo biro, na fara buga lissafi a bayan ambulan ɗin takardar wuta. Ban kai ƙarshe ba na ji maigidansa yana cewa su tafi su nemi abin da za su sa a ciki.

"Bar ta, ɗana. Allah ya kawo ku lafiya."

Ya yi dariya, ya ce Kawu ya cika tsoro. Wataƙila haka ne. Amma shekaru na yi ina ɗaukar hoton biki da suna a Yamai, daga Bukoki har Harobanda, kuma manyan kyamarori uku na mallaka a rayuwata: ɗaya a shagon filin jirgi na saye ta, ɗaya a cikin garin Dubai, ta ukun a nan gida. Kowace hanya na ɗanɗana zumarta da maɗacinta. Tun da tambayar ta yawaita daga yaran da ke shiga sana'ar, da alhazan da ke son kyamara ta kirki don kansu, bari in baje abin a faifai.

Mu fara da kalmar da ke ruɗin mutane, wato "babu haraji". Shagon filin jirgi harajin ƙasar da yake cikinta kawai yake cire maka, ba ya cire ribarsa, ba ya cire kuɗin hayar wurin, wanda yana cikin mafi tsada a duniya. To, nawa ne harajin? A Daular Larabawa, inda Dubai take, harajin da muke kira TVA kashi 5 ne cikin ɗari, kuma sai a ranar 1 ga Janairun 2018 aka fara karɓar sa. A Saudiyya kashi 15 ne tun Yulin 2020. A Turkiyya kashi 20 tun Yulin 2023. Maroko da Faransa su ma 20. Mu a Nijar 19.

Ɗauki kyamarorin da masu sana'a ke hari. Sony A7 IV da ta fito a 2021, Canon EOS R6 Mark II ta 2022, Nikon Z6 III ta 2024, dukansu a kan kusan dalar Amurka 2,500 suka fito, gangar jiki kaɗai, wadda muke ce wa bwatiye, ba objektif, wato gilashin da ake ɗaurawa a gabanta. A kuɗinmu abin yana wajen miliyan ɗaya da rabi, gwargwadon yadda dala ta kwana. Kashi 5 na miliyan ɗaya da rabi jika 75 ne. Shi ke nan duk abin da "babu haraji" ke nufi a Dubai. Jika 75 kuɗi ne, ban raina ba, amma shagunan cikin gari suna iya rage maka fiye da haka idan ka iya ciniki, ko su haɗa maka da jaka da katin ajiya da batiri na biyu. A shagon filin jirgi kuwa abin da aka rubuta shi ne. Ba tayi, ba albarka.

Kuma ba kowane filin jirgi ne kasuwar kyamara ba. Mutumin Yamai idan ya tashi daga filin Diori Hamani zuwa nesa, yawanci wurare uku yake ya da zango: Adis Ababa da Ethiopian, Istambul da Turkish, ko Kazablanka da Royal Air Maroc. Air France ta daina zuwa tun 2023, don haka Paris ta fita daga lissafin yawancinmu. Adis da Kazablanka, in dai kyamara ta sana'a kake nema, ka cire rai. Za ka samu turare, kofi, cakulan, fatu da kayan tsaraba. Ka sayi kofin Habasha ka kawo wa uwargida, ka bar kuɗin kyamara a aljihu.

Istambul ita ce ke yaudarar ido. Filin sabo ne, a 2019 aka kammala komawa cikinsa, kuma girmansa ya isa a ce gari ne. Ka yi ta tafiya tsakanin shaguna har ƙafa ta gaji. Amma ƙarfinsu a turare ne, da agogo, da jakunkunan mata, da kayan zaƙi. Abin lantarki yana nan, sai dai zaɓin ba shi da yawa, kuma Turkiyya ba ƙasar arahar kayan lantarki ba ce: su kansu 'yan ƙasar idan suka samu fita, a waje suke sayen waya da kyamara. Dubai ce ta bambanta. Shagunan filinta tun 1983 suke, suna da sashen lantarki na gaske, da ma'aikatan da suka san bambancin objektif da objektif. Doha ma haka, ga wanda ya biyo ta Kano ko Abuja. Amma ka lura, mutumin Yamai bai cika ratsa Dubai don kansa ba, sai dai ko can ya nufa, ko yana dawowa daga Sin ko Indiya. Idan kuma can ya nufa, ai yana da kwanaki a cikin gari, me zai sa ya jira sai awa ta ƙarshe?

A nan ne hanya ta biyu ta shigo: fita daga filin jirgi a shiga gari. A kan takarda ita ce ta fi kowace. A Dubai akwai Deira da Bur Dubai, akwai manyan shagunan lantarki a cikin kantuna, ka ga kaya a shago biyar kafin ka zaɓi ɗaya. A Istambul akwai unguwar Sirkeci, inda ginin Hayyam yake, hawa-hawa cike da masu sayar da kyamara sabuwa da ta hannu da masu gyara. Duk mai son hoto idan ya shiga wurin sai ya manta da agogo. Matsalar ita ce agogon ba ya mantawa da shi.

Na farko, fasfo ɗinmu. Ɗan Nijar ba ya fita daga filin Dubai ko na Istambul sai da biza, kuma ba abin da za ka tsaya nema a ranar ba ne, tun daga gida ake shirya ta, da kuɗinta. Sa kuɗin bizar a cikin kuɗin kyamara. Na biyu, nisa. Filin Istambul yana da tazarar kilomita 40 da wani abu daga tsakiyar gari. Akwai jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 2023, akwai bas, amma ka ware awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa, ka ƙara layin 'yan sandan fasfo sau biyu, ka ƙara binciken kaya. Zango na awa shida ya ƙare ke nan ba ka taɓa kyamara ba. A ganina duk wanda zangonsa bai kai awa goma ba, da rana kuma, kada ya soma. Dubai ta fi sauƙi ta wannan fuska, domin filin a cikin gari yake, Deira tana nan kusa, kuma jirgin ƙasa yana tsayawa a bakin filin. Amma jiragenmu sun cika sauka da tsakar dare, lokacin da mai shago yake barci.

Na uku, maido da haraji. Idan ka saya a cikin gari, da haraji za ka biya, sai a filin jirgi ka nemi a maido maka. A Dubai dole sayayyar ta kai dirhami 250, shagon kuma ya zama yana cikin tsarin, a yi maka rajista da fasfo tun a wurin biya, sannan ka tabbatar da shi a filin jirgi kafin ka wuce. Ba duka ake maido maka ba, kamfanin da ke aikin yana cire nasa. A Faransa, ga wanda hanyarsa ta bi ta can da biza, sayayyar sai ta wuce yuro 100, kuma abin da ke dawowa hannu yawanci wajen kashi 12 ne na abin da ka biya, ba 20 ɗin ba. A Turkiyya sai duwan ta ga kayan ta buga hatimi. Duk inda ka je ƙa'idar ɗaya ce: kayan su kasance a hannunka, ba a cikin akwatin da ka riga ka auna ka tura ba. Na ga wani bawan Allah a gaban na'urar maido da haraji yana juya takarda, kyamara tana cikin akwati, akwati yana cikin jirgi.

Duk da haka, wadda na saya a cikin garin Dubai ita ce na fi jin daɗin cinikinta. Kwana huɗu na yi a garin. Ranar farko ban sayi komai ba, na yi ta zagaye ina rubuta farashi a ɗan littafi. Rana ta biyu na koma shago biyu da suka kwanta mini. Na sa mai shagon ya buɗe kwalin a gabana, na duba lambar da ke ƙasan kyamarar, na gwada ta da ta jikin kwali, da ta takardar garanti, na ce ya rubuta ta a kan faktir, wato takardar shaidar saye. Na sa katina, na ɗaga kyamarar ga farin bango, na rufe idon objektif zuwa f/16, na ɗauka, na buɗe hoton har ƙarshe ina neman ɗigo ko ƙura. Na shiga cikin jerin harsuna na ga akwai Faransanci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: kyamarorin Sony da aka yi don kasuwar cikin Japan, misali, Japananci kaɗai suke ji, kuma irinsu suna yawo a kasuwannin duniya da farashi mai daɗi. Na kwana da ita a masauki, na ɗauki bidiyo har batiri ya mutu, na ga ba ta yi zafin da ya wuce kima ba. Da wani abu ya ɓaci, da gari na wayewa ina bakin shagon. Wannan kwana ɗayan shi ne abin da mai zango ba shi da shi, kuma ya fi jika 75 daraja.

Sai dai a cikin gari ne kuma ake yanka baƙo. Shago zai faɗa maka farashin da ya yi ƙasa da na kowa, ka zauna, a kawo shayi, sai a ce ai batiri daban ne, abin caji daban ne, ko a ce wannan ɗin ta ƙare amma ga wata da ta fi ta. Wata kyamarar kuma ta gaske ce, sabuwa ce, amma an shigo da ita ta bayan fage daga wani yanki, kamfani ba zai karɓi garantinta ba. Ta wannan ɓangaren shagon filin jirgi ya yi zarra: abin da ka saya a can na asali ne, faktir ɗinsa mai tsabta ne, ba wanda zai musanya maka batiri da na jabu. Wanda bai san kan kyamara ba, kuma ba shi da ɗan gari da zai raka shi, ya fi tsira a filin jirgi ko a babban kanti mai farashi a rubuce.

Yanzu garanti, wanda a nan ne na sha tawa. Kyamarar da na saya a wani filin jirgi, wata bakwai ta yi lafiya lau. Ranar wani ɗaurin aure, ana cikin raba goro, sai ta rubuto saƙon kuskure ta ƙi ɗauka. Na cire batiri na mayar, na canza kati, na hura, na yi duk dabarun da muke yi. Shiru. Allah ya sa tsohuwar tana cikin jaka, da ita na ƙarasa aikin, amma uwar amarya ta lura.

"Malam, ina babbar da ka zo da ita?"

"Hajiya, ta ɗan gaji ne."

"To, kada dai hoton 'yata ya gaji."

Da dare na ciro takardar garanti na karanta ta a karo na farko. Shekara ɗaya ce, ba ta cika ba, amma an rubuta yankin da take aiki, kuma gyaran sai a cibiyar da kamfani ya amince da ita. Haka yawancin manyan kamfanonin ke yi da bwatiye: garantin na yanki ne, ba na duniya ba. Ko da takardar ta ambaci Afirka, tambayar ita ce wa zai kai, wa zai dawo da ita. Sai da na jira wani ɗan kasuwa, abokin yayana, da zai yi tafiya. Ya tafi da ita, ya miƙa, ya dawo bai karɓo ba don ba a gama ba, sai a tafiyarsa ta gaba. Wata uku da kwanaki ina haya a hannun abokan sana'a, kuma lokacin ya faɗa daidai bayan Sallah, sa'ad da bukukuwa ke bin juna. Kamfani bai karɓi ko dala ba a gyaran. Abin da na kashe a haya da abin da na rasa na aiki ya ninka rangwamen da na yi ta murna da shi.

Wannan matsalar ba ta shagon filin jirgi ba ce kaɗai, duk kyamarar da ka sayo daga waje tana da ita. Kuma ƙasarmu ba ta tausayin na'ura. Ƙurar hunturu tana shiga inda ruwa ba ya shiga, kyamarorin zamani marasa madubi kuwa da ka cire objektif farantin ɗaukar hasken yana kusa da baki. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, bidiyo mai nauyi yana dafa kyamara daga ciki. Canon R5 da ta fito a 2020 ta yi suna wajen ɗaukar zafi a bidiyon 8K tun a ƙasashen sanyi, balle a ƙarƙashin rumfar biki a Talaje. Wanda zai bi kokowar takobi daga jiha zuwa jiha, ko ya je Ingal lokacin bikin gishiri, ko Biyanu a Agadas, ya san kyamararsa za ta ci ƙasa. Ni ɗan Tawa ne, na san abin da iskar Adar ke yi wa duk abin da ke da ƙofa. Don haka tambayar "idan ta lalace fa?" a wurinmu ba ta wasa ba ce.

Sai batun da masu lissafin dare suke tsallakewa: duwan. Cire harajin Dubai bai cire na Nijar ba. Kyamara ɗaya a wuyanka, wadda ka yi amfani da ita a tafiya, yawanci a kayan matafiyi ake kallon ta. Sabuwa fil a kwali, da objektif biyu a nasu kwalayen, da fitila, wannan kaya ne da aka shigo da su, kuma jami'i yana da hurumin ya sa a biya musu. TVA kaɗai, kashi 19 na miliyan ɗaya da rabi, jika 285 ne, ban da kuɗin shigo da kaya da ake fara ɗorawa kafin a lissafa shi. Ka ga jika 75 ɗin ta nutse ba a ga ko kumfarta ba. Shawarata a nan gajera ce: ka sa wannan kuɗin a lissafinka tun farko, ka riƙe faktir na gaskiya, domin idan ba ka da takarda su za su ƙiyasta kuɗin, kuma ƙiyasinsu ba lalle ya yi maka daɗi ba. Haka nan idan za ka fita da tsohuwar kyamararka mai tsada, ka tafi da takardarta, kada a dawowa a ɗauke ta sabuwa.

Biyan kuɗin ma yana da nasa rami. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya 655.957, ba ya motsi. Dirhami kuma a ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya 3.6725. Ma'ana, farashin Dubai a kuɗinmu yana hawa da sauka ne da yadda dala da yuro ke kokawa: shekarar da dala ta yi ƙarfi Dubai ta yi mana tsada, ko da mai shago bai ƙara komai ba. Mai biya da katin banki ya je bankinsa kafin tafiya, ya tambayi iyakar abin da zai iya biya a rana ɗaya da abin da suke cira a kan canji, don kada ya tsaya a gaban mai shago kati yana ƙi. Idan na'urar biya ta tambaye ka ko ka biya da kuɗin ƙasar ko a juya maka zuwa yuro ko dala, zaɓi kuɗin ƙasar, canjin na'urar ya fi na bankinka tsada kusan kullum. Mai ɗaukar tsaba kuma ya yi canjinsa a Yamai, kada ya kai sefa can yana neman mai karɓa, kuma ya san teburan canji na filin jirgi su ne mafi muni a kowace ƙasa.

Ƙananan abubuwa, a gurguje. Filogin Dubai da na Saudiyya mai ƙafa uku ne irin na Ingila, namu mai ƙafa biyu ne zagayayyu irin na Faransa, na Turkiyya ya dace da namu. Ƙarfin wutar ba matsala, abin sauya baki kawai za ka saya. Wasu kyamarorin, irin su A7 IV, ba sa zuwa da abin cajin batiri na waje, a jikin kyamara ake caji, wanda ga mai aikin biki bai wadatar ba, sai ka saya daban. Batiran da ba sa cikin kyamara a jakar hannu ake sa su, ba a akwatin da ake aunawa a tura ba. Kuma ka sa bidiyonka a hoto 25 ko 50 a kowace daƙiƙa, don wutarmu mai bugu 50 ce, in ba haka ba fitilun zauren biki su yi ta kyaftawa a hoton.

To, hanya ta uku, wadda matafiyi ke rainawa: a saya a Yamai. Gaskiya ce, zaɓi ba shi da yawa, sabon samfuri yana jinkirin zuwa, kuma kuɗin ya fi na Dubai, domin ɗan kasuwar ya biya jirgi, ya biya duwan, ya ɗora ribarsa. Sau da yawa ma ba a ajiye take ba, sai ka ba da rabin kuɗi ya yi maka oda, ka jira mako biyu ko uku. Garantin da zai ba ka ba na kamfani ba ne, na bakinsa ne, don haka darajarsa daidai take da darajar mutumin. Amma idan mutumin kirki ne, wanda ya shekara goma a wuri ɗaya kusa da Babbar Kasuwa, wanda kuke haɗuwa a masallaci da wurin jana'iza, wannan garantin ya fi takarda mai hatimi da ke aiki a wata nahiya. Tawa ta uku a haka na saye ta. Da dabaran saitinta ya fara tsalle a wata na biyu, na hau babur na kai masa.

"Alhaji, ga 'yarka ta fara rashin ji."

Ya juya ta, ya gwada, ya buɗe durowa ya miƙo mini wata ta hannu. "Riƙe wannan ka yi aiki, Malam. Yarona zai tafi ranar Laraba."

Ba kowane mai shago ne zai yi haka ba, kuma na san waɗanda aka sayar wa ta hannu a matsayin sabuwa a garin nan. Binciken da na yi a Dubai, na lamba da kwali da farin bango, a nan ma sai ka yi shi, ka ƙara da duba adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka. Sabuwa ba ta zuwa da dubbai a cikinta.

Idan aka ce in raba gardama, ga yadda nake gani. Wanda kyamara ce abincinsa, kuma ita kaɗai zai mallaka, ya saya a inda zai iya komawa da ƙafarsa, ko da ya ƙara jika 200. Wanda ke zuwa Dubai sau biyu ko uku a shekara, ko yana da ɗan'uwa mai zirga-zirga, ya saya a cikin gari, a shagon da kamfani ya amince da shi, a farkon kwanakinsa ba a ƙarshe ba, shi ne zai fi kowa cin riba. Shagon filin jirgi na wanda ya riga ya gama shawara ne tun daga gida: ya san samfurin, ya san farashinsa a wuri uku, ya rubuta adadin da idan an wuce shi ba zai saya ba, ya kuma duba a intanet cewa suna da ita. Irin wannan mutumin minti ashirin ya ishe shi, kuma wani lokaci yana dacewa da rangwame na gaske. Wanda kuwa walƙiyar gilashi ce ta tsayar da shi, bai yi barci ba tun jiya, ana kiran jirgi, wannan kifi a ruwa zai saya.

Akwai kuma rabon da na fi so, wanda shi nake bi yanzu: bwatiye a gida, sauran a hanya. Objektif ba ya lalacewa kamar bwatiye, kuma mai kyau yana shekara goma yana aiki, don haka sayen sa a waje bai da haɗari sosai, muddin ka tabbata bakinsa ya dace da kyamararka, RF ga Canon, E ga Sony, Z ga Nikon. Katin ajiya da batiri kuwa, su ne ma abin da ya fi cancanta a saya a shagon filin jirgi, domin su ne jabunsu ya cika kasuwa, kuma katin jabu ba ya nuna halinsa sai ranar da ya haɗiye hotunan bikin mutane.

Da ɗan ƙanwata ya sake tafiya bayan wata huɗu, tun kafin ya tashi na tura masa hoton batirin da lambarsa, da sunan katin da girmansa, da iyakar kuɗin kowanne da dirhami. Wannan karon ƙarfe uku ya kira.

"Kawu, batirin akwai, katin ma akwai. Kyamarar nan fa har yanzu tana nan tana kallona."

"Batiri biyu, kati biyu. Ka karɓi faktir, ka sa su a jakar hannu."